Jan Inabin da Na Bari a Tianhe

Kwana biyu na yi a Guangzhou kafin na samu inda zan kwanta in miƙe ƙafa. Masauki huɗu na shiga a Dengfeng, unguwar da mutanenmu ke sauka, ko'ina sai mai tsaron kanta ya dubi fasfona, ya dubi fuskata, ya kaɗa hannu ya ce "meyo". Kalmar Sinanci ta farko da na koya ke nan, ma'anarta babu. Tasi ma in na ɗaga hannu sai ta rage gudu, direba ya leƙo, ya ƙara mai. A ƙarshe na samu wani ɗaki a saman shagon gyaran waya, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. 'Yan sanda sukan buga ƙofa da hantsi su nemi takardu, kamar ba su ne suka duba su jiya ba.

Ni ɗan kasuwar kayan sha ne. Da kura na fara, ina tura akwatunan lemo a kasuwar Singa ta Kano, har Allah ya sa na buɗe shago, shagon ya zama biyu. Abin da ya fi tafiya a hannuna shi ne jan inabi marar barasa, wanda ake jerawa a teburin biki cikin doguwar kwalba, ango da amarya su ɗaga kofi a ɗauki hoto. Na Turai muke kawowa, sai tsadarsa ta kai inda masu ɗakunan biki suka ce in nemo musu mai sauƙi ko su nemi wani mai kawowa. Shi ya kai ni China. Kwantena guda nake so, da sunan shagona a jikin kowace kwalba. Sunan nan shi ne duk abin da na tara. A Kano, in aka samu barasa a kwalba ɗaya da ta fito daga hannunka, ba kayan kaɗai za a fasa a bainar jama'a ba. Kai ma ka gama kasuwa, 'ya'yanka kuma da sunan za a riƙa nuna su.

A Dengfeng aka haɗa ni da Tasi'u, dillali ne kuma tafinta, ɗan Kano da ya daɗe a can har yana faɗa da masu shago da yarensu. Siriri ne, waya biyu a hannu, ba ya kallon idon mutum in yana magana.

"Alhaji Sabi'u, ka zo wurin da ya dace," in ji shi. "Amma in gaya maka tun yanzu, a nan ba a yawan tambaya. In ka cika tambaya, laoban ta ɗauka ba ka da kuɗi."

Laoban shi ne mai kamfani, mace ko namiji.

Na ce, "Ni da tambaya na yi arziki, Tasi'u."

Ya yi dariya, ba ta kai idonsa ba.

Washegari da hantsi muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Tianhe, inda dogayen ofisoshi suke. Matar da na zauna kusa da ita ta tashi ta koma tsaye. Lif ya kai mu can sama, aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. Laoban ɗin mace ce, gajeren gashi, ba ta yi murmushi ba, agogonta ta fara kalla kafin ta kalle ni. A kan tebur akwai kwalabe uku marasa takarda a jiki, kofunan gilashi masu dogon wuya, ruwa, da gutsattsarin busasshen burodi don goge baki.

Na san aikina. Na farko na ɗaga shi ga hasken taga, na girgiza na ga kumfa, na kurɓa. Zaƙi ne zalla kamar maɗi, yana manne wa dasashi. Yara za su so shi, manya za su sha rabin kofi su ajiye. Na biyu ya fi kyan launi, kyan da ya sa na yi shakka. Na ɗiga shi a farin hankici na zuba ruwa a kai, sai ya bar shuɗin tabo irin na rini. Na nuna wa laoban. Ta ɗauke kwalbar ta ajiye a ƙasa, amma daga nan ta daina kallon agogo.

Na ukun ita da kanta ta zuba. Ba shi da kumfa. Ja ne mai duhu, kamar zoɓon da ya kwana a jiƙe, gefensa kuma in ka karkata kofin yana komawa launin jan bulo. Ta nuna mini in juya kofin a hankali in sa hanci. Na ji ƙamshin ɗinya da ta nuna sosai, da kanumfari, da wani abu kamar cikin tsohon akwatin katako. Da na kurɓa, babu zaƙi a farko. Tsami ne mai ladabi, sai bauri ya kama harshe kamar na ɗanyen goro, sai daga baya wani ɗan zaƙi ya taso daga maƙogwaro ya zauna. Da ya sauka, na ji ɗumi a ƙirji.

Laoban ta yi magana mai tsawo. Tasi'u ya taƙaita: "Ta ce irin na dā ne. Inabi iri uku aka haɗa, ya yi watanni a gangar katako, sannan aka sa inji ya cire barasar."

"Duka aka cire?"

Ya juya ya yi mata magana, ta sake ba da doguwar amsa tana motsa hannu.

"Ta ce tas."

Da aka faɗi farashi sai da na danne fuskata. Ko rabin na Turai bai kai ba, ga shi ya fi shi nesa. Na miƙa kofi aka ƙara mini. Na shanye. Na ce a ba ni kwalbar in tafi da ita, zan ba da amsa cikin mako.

A hanyar komawa ne abin ya fara ba ni mamaki. Jikina ya yi sakayau. Na tsinci kaina ina yi wa wani tsoho ɗan China bayanin kasuwar Singa da Hausa, ina dariya, shi kuwa yana matsawa. Tashar da zan sauka ta wuce ni. Da na tsaya sallar la'asar a ɗaki, na rasa ko raka'a uku na yi ko huɗu. Na ce wa kaina yunwa ce da gajiyar jirgi. Amma da na zauna a bakin gado sai na tuna, a duk doguwar amsar matar nan ban ji "meyo" ba, kuma ita kaɗai ce kalmar da zan iya ganewa.

Matsalata guda ce, kuma abin dariya ce: ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina sayar da abin da ake kwaikwayon giya da shi, amma ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba. Da za a ba ni ita a kofi, ba ni da abin da zan gane ta da shi. Takardar gwajin da kamfanin ya ba ni da Sinanci take, takarda kuma kowa na iya bugawa. Na tambayi inda ake gwaji na gaskiya, aka ce sakamako zai fito bayan bizata ta ƙare.

Na kira Tasi'u. Ya zo ɗakina yana tsaki. Ya zuba jan inabin a cokali, ya kunna ashana ya kanga a kai har ta cinye.

"Ka gani? Da da barasa da ya kama da wuta. Ko yaro ya san wannan."

Na ga bai kama ba. Amma na ce har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

"To Alhaji, tunda ni maƙaryaci ne, je ka tambayi Alhaji Mumuni. Shi ne malamin abin. Kwalba nawa ya shanye a duniya, shi kansa bai sani ba."

Alhaji Mumuni na san shi da gani. Mutumin zangon Kumasi ne, ƙato, farin gemu a gyare, shi ke loda wa yawancin mutanenmu kaya zuwa gida, kuma in limami bai zo ba shi ake turawa gaba a ɗan ɗakin da muke salla. Da na tsaya na yi tunani, da na tambayi kaina me ya sa Tasi'u ya ba ni sunansa da sauƙi haka. Ban tsaya ba. Na ga hanya na bi.

Bayan azahar mutanenmu sukan taru a wani ƙaramin gidan abinci na wata Hajiya 'yar Maradi, a ci tuwo da miyar kuka a yi hirar kaya. Ranar wurin cike yake da 'yan Kano da suka dawo daga kasuwar Shisanhang da ƙullin tufafi. Alhaji Mumuni na zaune a tsakiya. Na yi sallama, na fito da kwalbar na dire a gabansa.

"Baba Alhaji, an ce mini kai ka san giya. Don Allah ɗanɗana mini wannan, ka gaya mini ko akwai a ciki."

Duk hannun da ke cikin kwano ya tsaya.

Alhaji Mumuni ya ɗauki lokaci yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Hausarsa irin ta Gana ce, a hankali take fita.

"Ɗan Kano, wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Baba. Kaya ne zan saya."

"A garinku haka ake tambayar mutum?"

Ya tashi, ya bar tuwonsa, ya fita. Wani mai sayar da shadda da muka yi salla sahu ɗaya da shi ɗazu ya ce, "Malam, ɗauke mana ƙazantar nan daga wurin abinci." Wani daga baya ya ce, "A bar shi, Alhaji Kwalba ne, sabon zuwa." Hajiya ta zo da kanta ta ɗauke kwanon da aka ajiye mini.

"Ɗan'uwa, abinci ya ƙare," in ji ta, ga tukunya tana tururi a bayanta.

Daga baya na ji labarin. A ƙuruciyarsa Alhaji Mumuni aikin tashar jiragen ruwa ya yi, ya sha har matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi. Ya tuba fiye da shekara ashirin. Kowa a Dengfeng ya sani, kuma ba wanda ya taɓa furtawa, ko a faɗa, ko a wasa. Sun rufa masa wannan asiri su duka, kamar yadda ake rufa wa uba. Ni na zo kwana biyar na yaye a gaban kwanon tuwo. Tasi'u kuwa ya san abin da ya yi: ya tura ni wurin mutum ɗaya da zai iya gaya mini gaskiya, ta hanyar da ba zai taɓa gaya mini ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. In na shiga ɗakin salla sai a bar gurbi tsakanina da na kusa da ni. Mai canjin kuɗin da ke kirana "mutumina" ya koma ce mini ba shi da canji. Labari ya riga ya zaga cewa wani ɗan Singa ya zo sayen giya zai kai Kano, kuma na san labari irin wannan ba ya buƙatar biza kafin ya isa gida. Matata ta kira tana tambaya ko ina cin abinci, na ce sosai. Taliya nake ci safe da yamma a shagon wani Musulmin China mai farar hula. Ba ma jin juna. Ranar da ya ga na zauna na kasa ɗaukar cokali, sai ya soya ƙwai ya ɗora mini a kai, ya dafa kafaɗata ya ce "salamu alaikum", ya koma bakin tukunyarsa. Ita ce sallamar da na samu a makon.

Siton Alhaji Mumuni yana can bayan gari, inda manyan motoci ke juyawa. Na je da safe na tsaya a ƙofa. Ya gan ni, ya ci gaba da auna kwalaye. Na tsaya har azahar na tafi. Washegari ma haka. Rana ta uku, da ma'aikatansa suka fita cin abinci, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Shigo ka ja ƙofar."

Na cire takalmi na durƙusa. "Baba, na yi wauta. Ka yafe mini."

"Ba wauta ba ce. Ɗan kasuwa ne kai. Ka ga abin aiki ka miƙa hannu, ba ka duba ko mutum ne ba." Ya zauna a kan wani kwali. "Wa zai sha abin nan?"

"'Yan biki. Amare, iyaye mata, yara."

Sannan ya ce, "Kwalbar tana jakarka?"

Na fito da ita. Ya ce in zuba kaɗan a kofin shayinsa in miƙo. Ya riƙe kofin nesa da jikinsa kamar garwashi ne a ciki, sai ya matso da shi a hankali har ƙarƙashin hancinsa. Ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har na fara jin tsoron abin da na jawo.

"Wanda ya haɗa wannan ya san aikinsa," ya ce, idonsa a rufe. "Ba na masu kuɗi ba ne. Irin wanda ma'aikaci ke saya ranar albashi ne, amma na gaskiya, ba a yi masa ha'inci ba. Ka ji katakon? Sabon haɗi ba ya yin haka."

"Baba, akwai?"

"Akwai. Ragewa suka yi, ba su cire ba. Amaryar da ba ta ci komai tun safe ba, in ta sha kofi biyu sai an riƙe ta."

Na ba shi labarin ashana da cokali. Ya buɗe ido.

"Ko cikakkiyar giyar inabi ba ta kama wuta. Wanda ya nuna maka wannan ya san ba ka sani ba." Ya dube ni. "Ka sha?"

"Kofi biyu."

"Ya yi maka daɗi?"

Na so in ce a'a. "Ya yi."

Ya tashi ya zubar da abin a magudana, ya wanke kofin sau uku, sannan ya jefa shi cikin shara.

"Ɗauki kwalbarka ka fita. Kada ka sake shigo mini da irinta."

Na koma Tianhe ni kaɗai, da niyyar in yi magana da laoban ta waya mai fassara. Ashe tana ganina ta kira Tasi'u, kafin in gama rubuta tambayata ya shigo. Duk da haka na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta yi magana a ciki da ƙarfi, wayar ta rubuto mini: ta gaya masa tun ranar farko akwai kaɗan. In an cire duka, ɗanɗanon ya mutu, ya zama ruwan sukari. Shi ya ce mata mutanenmu haka suke so, a buga a jikin kwalba cewa barasa sifiri ce kawai. Ta ƙara da cewa ta gaji da baƙin da ke ɓata mata lokaci, yau su ce suna so, gobe su ce addini.

Tasi'u bai ko ji kunya ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sassauta murya kamar mai ba ƙaninsa shawara.

"Alhaji, mu yi maganar kasuwa. Wa zai sani a Kano? Su ma irinka ne, ba su san ɗanɗanonta ba. Za su sha su ji biki ya yi armashi, su ce na shagon Sabi'u daban ne. Abin da ya sa ka miƙa kofi aka ƙara maka, shi zai dawo da su ƙofarka. Kuma kada ka ɗauka kai ne na farko da na kawo ɗakin nan."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Da na kai jan inabin nan Kano, cikin wata uku da na kwashe kasuwar kowa. Na san masu ɗakunan bikin da za su yi layi.

Laoban ba ta jin abin da muke cewa, amma ta san inda ciniki yake tsayawa. Ta buɗe sabuwar kwalba, ta zuba, ta turo kofin gabana. Ƙamshin ya iso kafin kofin. Ba zan ɓoye ba, yawu ya taru a bakina, hannuna kuma ya san hanya.

Na sa yatsa biyu a gindin kofin na mayar mata.

Ta nuna kwalba ta farko, mai zaƙin nan, wayar ta ce wannan kam babu komai a ciki. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma da me zan tabbatar? Harshena bai sani ba, tafintana maƙaryaci ne, mutumin da ya sani kuma na riga na karɓi abin da bai kamata in roƙa a wurinsa ba. Na ce mata na gode, na bar su a kan tebur. Tasi'u ya biyo ni har bakin lif yana cewa taurin kai zai kashe ni da talauci, kuma zai tabbatar ba dillalin da ya sake kai ni ko'ina. Ya cika alkawari.

In ana son hukuncina a matsayin mai sayar da kayan sha, ga shi: a duk shekarun da na yi ina ɗanɗana kaya, ba a taɓa sa mini abu mai kyau a farashi mai sauƙi kamar wannan ba. Launi, ƙamshi, yadda yake zama a baki, ban ga aibinsa ba. Ba nawa ba ne, kuma ba na mutanen da suka yarda da sunana ba ne.

Kwana biyu suka rage a bizata. Na bi kasuwanni da ƙafa, ina nuni da yatsa ina danna lamba a waya, na sayi kofunan gilashi da farantai da tirori, abin da masu ɗakunan biki za su karɓa ko da ransu bai so ba. Bai kai rabin kwantena ba. Masu lodin da na tuntuɓa duk suka ce wurinsu ya cika. Dole na koma bayan gari.

Alhaji Mumuni yana bakin sito da allon rubutu a hannu. Ya dubi kwalayen da na sauke.

"Mene ne a ciki?"

"Kofuna, Baba. Babu komai a cikinsu."

Ya sa aka buɗe guda, ya duba da kansa, aka rufe. Ya fara rubutu, sai ya tsaya, bai ɗago ba.

"Kana tuna ɗanɗanon?"

"Ina tunawa."

"Ba zai tafi ba," ya ce. "Kawo takardar kayanka."